Buhun Albasar Yauri Ya Fi Nauyi a Landan

Masu gardama, ku matso kusa. Na san abin da ke bakinku: "Mangwaro in ya nuna ya faɗo, mene ne abin aunawa kuma? Aikin banza, harara a duhu." To, Alhaji, ajiye carbin tukuna.

Duk abin da aka saki, gudunsa na ƙaruwa kowace daƙiƙa. A nan Yauri ƙarin gudun ya kai kimanin mita 9.78 a daƙiƙa, a Landan kuwa 9.81. Dalili shi ne duniya na juyawa, kuma tana da tumbi a tsakiya, mu kuwa kusa da tumbin muke zaune, don haka jan ƙasa ya ɗan sassauta mana. Buhun albasa mai kilo 100 a sikelin rataye na kasuwar Yauri, in ka kai shi can da sikelin, sai ya nuna ƙarin giram 300. Kada dai ka fara neman biza, kuɗin jirgi zai cinye ribar.

Kun ce tatsuniya ce? A 1672 wani Bafaranshe, Jean Richer, ya kai agogo mai lilo daga Paris zuwa Cayenne a Kudancin Amurka, sai agogon ya riƙa yin latti da minti biyu da rabi kullum. Agogon lafiyarsa ƙalau, jan ƙasar ne ya ragu. Kai ma Sarkin Ruwa, ciro dalma ɗaya daga birginka, ka ɗaura a zare mai santimita 99, ka rataye a inda babu iska, ka ɗan tura shi kaɗan. Ƙirga zuwa ɗaya, dawowa ɗaya: sittin za ka samu a minti guda. A Landan sai an ƙara wa zaren milimita uku.

Na'urar zamani, irin FG5, ta bar lilo. Ɗan madubi take saki cikin bututun da aka zuƙe wa iska, hasken leza na bin sa yana auna faɗuwar. Ɗaga ta da santimita ɗaya kacal, za ta sani. Da za a girke ta a bakin tafkin Kainji, wanda ya cika tun 1968, da ta ji nauyin farin ruwa in ya zo da damina, ta kuma ji na baƙin ruwa mai isowa daga Gini da sanyi.

Ku kuma masu haƙar zinariya a Ngaski, na ga kun miƙe kunne. Ku kwantar da hankali, ma'aunin jan ƙasa nauyin duwatsun ƙarƙashi yake nunawa, ba ya cewa "haƙa nan".

Wanda har yanzu bai yarda ba, ya zo da zarensa da dalmarsa mu haɗu a bakin kwata ranar kasuwa. Wanda aka kayar shi zai sayi kifin.