Ɗanka ya karce motar maƙwabci, wa zai biya?

Na san halinku. Kafin in rufe baki da kalmar inshora, wani ya riga ya taɓe baki ya ce, "Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiyarka, Alhaji. Sai dai ranar da autanka ya tsinci ƙusa ya rangaɗa sunansa a jikin sabuwar motar maƙwabci, ba tsautsayi za a yi wa sallama a ƙofar gida ba. Kai za a yi wa.

To ku gyara zama mu leƙa Jamus, inda aka zauna aka yi wa ɓarnar yara lissafi. Dokarsu ta farar hula, wadda ta fara aiki a 1900, ta ce a sashe na 828 yaron da bai cika shekara 7 ba ba a kama shi da laifin ɓarna. Tun 2002 kuma aka ƙara cewa in hatsari ne da mota a kan titi, sai ya cika 10, muddin ba da gangan ya yi ba. Na ji wani ya ce, "Ai shi ke nan, sai a kama uban." Yi haƙuri, ka yi sauri. Sashe na 832 ya ce iyaye za su biya ne kawai idan sun yi sakaci wajen sa ido. Allon nan da ake kafawa a wuraren gine-gine a can, mai cewa iyaye ne za su ɗauki alhakin 'ya'yansu, yawancinsa barazana ce.

Ga inda abin dariyar yake. Uwa ta kula da ɗanta yadda ya kamata, ya faki idonta na ɗan lokaci ya karce mota da kekensa. Yaro ba laifi, uwa ba laifi, kamfanin inshora ya ce tunda doka ba ta kama kowa ba, shi ma ba ya biyan ko anini. Mai mota ya koma gida da karcensa, gaisuwar safe ta mutu. Shi ya sa iyaye da yawa suke neman inshorar da aka rubuta a cikinta cewa za ta biya ko da doka ta wanke yaron. Kun ga, ba tsoron alƙali ya sa suka saya ba, kunyar maƙwabci ce. Wannan kam ai mun fi su saninta.

Faransa ba ta da wannan sassaucin. A ranar 19 ga Fabrairun 1997 babbar kotunsu ta yanke hukunci kan wani yaro ɗan shekara 12 da ya yi karo da mai babur yana kan keke, ta ce uba zai biya ko ya sa ido ko bai sa ba. Inshorar gida ce kan ɗauki nauyin irin wannan a can.

Yanzu na hango malam a can baya yana gyara rawani: "Wannan duk bidi'ar Turawa ce." Allah gafarta malam, buɗe Risala da ka biya a zaure. Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa gangancin yaro hukuncin kuskure gare shi, kuma idan raunin ya kai sulusin diyya, dangin uba ne za su haɗu su biya, wato aƙila. In bai kai ba, a cire daga dukiyar yaron. Mutane su yi karo-karo don kada nauyi ya danne mutum ɗaya: da wane suna kake kiran wannan? In kalmar inshora ce take maka ƙaiƙayi saboda riba da garari, ai ga takaful nan, wato inshorar Musulunci.

Matsalar ita ce aƙilarka ta watse. Yayanka yana Legas, ƙaninka ya kashe waya tun da ya ji kalmar asibiti, kawu kuma addu'a kawai zai aiko. Yaron da ka bai wa makullin babur ya je sayo kalanzir ko gas kuwa bai kai shekara 13 ba.

Ban ce ka yarda da ni ba, Alhaji. Amma kafin ka ci gaba da dariya, leƙa waje ka ga abin da ke hannun auta.