Badakkare Da Lambun Cikin Kwalba

Kai Badakkare, gaisuwa daga Gummi, bakin Gulbin Zamfara, garin iyayen gidanka. Labari ya iso mana cewa bana ka waye. Wai ka shuka wani jan abu mai suna bitirut, irin wanda ake kawowa daga Jos, ka dafa, ka yayyanka, ka ɗura a kwalabe da sukari da ruwan kal, kana jiran bazara. Ikon Allah! Mutumin da sai ya yi shekara bakwai yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, yau shi ne Baturen Zuru.

Matso ubangidanka ya karantar da kai. Dabarar ta wani Bafaranshe ce, Nikolas Apat, wanda ya wallafa ta a 1810, gwamnatin Napoliyon ta ba shi ladan faran 12,000 saboda sojojinta na bukatar guzurin da ba ya ruɓewa. Shi toshe kwalbar yake yi, sannan ya tafasa ta. Kai kuwa an ce murfi kawai ka murɗa, ka tofa addu'a.

Ga inda gizo ke saƙa. Bitirut ba shi da tsamin kansa. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa wadda tafasar ruwa kaɗai ba ta gamawa da ita. In ta sami wuri rufaffe, ba iska, ba tsami, sai ta saki gubar da ke shanye jiki, wani lokaci ko wari ba a ji. Kal ɗin shi ke hana ta motsi, sukari daɗin baki ne kawai. Na kuwa san halinka: sai ka tsuga wa kal ruwa don ya yi auki. Kul! Zuba shi yadda ya kamata, ka nutsa kwalaben a ruwa su tafasa fiye da rabin awa. Wadda murfinta ya kumbura, binne ta, kada ka ce asara.

Mu daga Anka har Bukkuyum rana ce ke yi mana wannan aiki, kuma ba ta karɓar ko sisi. In tumatirin fadama ya cika kasuwa da rani, a tsaga shi a shanya ya zama kauɗa. Kuɓewa a yanka ta bushe, tattasai da kuka haka, miya ta tsaya har damina. Zaƙi da tsami kake nema? Ga zoɓo, ga kunun tsamiya, tun kafin kakanka ya ga kwalba.

Saboda haka ranar bikin Uhola kada ka kuskura ka buɗe wa baƙi wannan haɗin naka. Ɗauko kwandon tumatir ka zo Gummi, ka durƙusa ka gaishe mu, mu koya maka shanya kyauta.