Tantina da Shanun Gindin Gawo

Wayar hannu ce ta ja mini. Tun da na fara kallon Turawan nan masu goya jaka su shiga daji su kwana don nishaɗi kawai, raina ya biya. A Tsauni kuwa ba a san wannan sana'a ba. Mai kwana a daji a wurinmu, ko makiyayi ne, ko maharbi, ko wanda jakinsa ya ɓata. Da na gaya wa Kawu zan taka da ƙafa har Kance, in kwana a hanya, sai ya sa hannu aljihu, yana zaton kuɗin kabu-kabu ne babu.

Kawu ya daɗe yana ci-rani a Kano, ya kwana a tasha, ya kwana a baranda, saboda haka shawararsa gajera ce: "Ɗauki tabarmar kaba da gwado." Na ce masa zamani ya wuce nan, ko Bature Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, da ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852 kafin ya wuce Katsina, da tantinsa yake yawo.

"A bayansa ya goya?"

"A'a, Kawu, raƙumi ke ɗauka."

"To ina raƙuminka?"

Ban tsaya gardama da wanda bai taɓa shiga YouTube ba. Na hau mota na tafi Damagaram wurin wani mai gwanjo. Mafaka iri uku na tarar. Tamfol ba shi da nauyi, amma ba bango, kunama ba ta buƙatar sallama. Sange yana tare sauro, amma iskar hunturu za ta ratsa shi yadda ta ga dama. Saura tanti, shi ma kala biyu: akwai mai tsayuwa da sandunansa ko ba a kafe shi ba, akwai wanda sai an ja igiyoyinsa an buga turaku. Na biyun ya fi sauƙin ɗauka, ya fi araha, kuma launinsa ruwan lemo ne mai ɗaukar ido. Shi na zaɓa. Na haɗa da katifar iska, da fitilar ɗaurawa a goshi, da buhun barci da aka rubuta masa yana jure sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri. Sanyin darenmu a watan Janairu wajen digiri 14 ko 15 yake tsayawa, amma na ce gara a yi rara. Masana tafiyar ƙasa sun ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai goyo. Nawa sun wuce, don Inna ta cusa mini ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli wanda zai isa masu gayya.

Na bar gida bayan azahar, na bi ta cikin gonaki. An gama girbi, sai karan gero da rairayi. Rana na shirin faɗuwa na fara neman masauki. Na ga wata tsamiya mai kyau. Ni ɗan lakwal ne, ban yarda da zancen iskoki ba, amma dai na wuce. Can gaba na samu gawo, wanda a ƙasar Matamaye da Magarya ba a yin nisa ba a gamu da shi ba. Gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta: da damina take zubar da ganye, da rani take yin kore shar, ta sako 'ya'ya. Na san wannan tun ina yaro. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne wa ke cin 'ya'yan.

Turakun tantin 'yan siraran ƙarafa ne, an yi su don ƙasa mai tauri da ciyawa. A jigawa, kana soka ɗaya yana shigewa kamar cokali a kunu, kana jan igiya yana biyo ka. In na kafa gabas, yamma ta faɗi. Daga bisani na ɗaura igiyoyin a tsakiyar guntayen kara, na binne su a kwance cikin rairayi, na tattake. Wannan dabarar ta riƙe, kuma ina so a rubuta cewa ni na gano ta da kaina, cikin duhu, da fitila a goshi.

Katifar na hura ta da baki har na ga taurari ba tare da na ɗaga kai ba. Na shiga buhun barci na ja zif. Kafin a jima gumi ya jiƙa ni, don an ɗinka abin ne saboda masu kwana kan ƙanƙara. In na buɗe sanyi, in na rufe wuta. Ina cikin wannan ciniki na ji "fsss" a ƙarƙashina. Gawo ƙaya gare shi, ƙarangiya kuma ta cika wurin, ban san wanne cikinsu ya yi aikin ba. A hankali na sauka har ƙashin bayana ya gaisa da ƙasa.

Nan na san sanyi ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Buhun barci iskar da ke maƙale cikin audugarsa ce ke riƙe ɗumi. Ɓangaren da ka danne da jikinka ya lotse, ba iska a ciki, sai ƙasa ta yi ta zuƙe ɗuminka. Sai ga ni cikina na gumi, bayana na rawar ɗari, mutum ɗaya da rani da hunturu.

Can cikin dare na ji huci a jikin tanti. Sai wani abu mai kaushi ya lashi bangon daidai kunnena. Na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ashe garken shanu ne da aka saukar a gonar don taki, sun zo kiwon 'ya'yan gawon da iska ta kakkaɓo, ni kuwa na kafa gida a kan akushinsu. Wata saniya ta harɗe da igiya, ta zabura, tantin ya rufto mini. Zif ɗin buhun ya cije. Na rarrafo waje a haka, ba hannu ba ƙafa, da fitila tana ci a goshina.

Yaron makiyayin da ya fara hango ni bai tsaya tambaya ba. Ihunsa ya taso karnuka, karnuka suka taso ƙauyen da ke kusa. Da mutane suka iso da sanduna, abu na farko da na yi shi ne sallama da ƙarfi, don a san Musulmi ne a cikin buhun. Wani dattijo ya haska ni ya ce, "Samari, daga ina?" Na ce Tsauni. Ya tambayi ɗan gidan wa, na faɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "An kore ka ne?"

A zauren mai gari na ƙarasa daren, kan tabarmar kaba, da gwado. Na yi barci, amma gajiya ce, kada Kawu ya ɗauka wani abu ne. Da safe aka ba ni koko, aka ɗora ni a kabu-kabu, kuma labarin ya riga ni isa gida.

Har yanzu ina kan bakana: tantin ba shi da laifi, turakun rairayi kawai yake buƙata da shimfiɗar soso wadda ƙaya ba ta sacewa. Na kafa shi a bayan ɗaki don in ɗinke inda kofato ya yaga, na tafi neman zare. Ko da na waiwaye shi, kazar Inna ta tare a ciki, ta hau kwanci. Na ce a fitar da ita, ina da tafiya. Inna ta ce kaza kwana 21 take yi kan ƙwai, in kuma ina sauri, tabarmar Kawu tana nan a jingine.