Sai Mai Ƙarfi Ke Tabbatar da Ciwo

A Amurka, tun 1956 da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar inshorar naƙasa, wato kuɗin wata-wata da gwamnati ke biyan ma'aikacin da ciwo ya kwantar, aka gindaya sharuɗɗan da sai mai ƙoshin lafiya ke cika su ba haki. Doka ba ta san kowane ciwo ba sai wanda zai hana aiki aƙalla wata 12 ko ya kai mai shi kushewa, hukuma kuwa, kamar karen da aka ce ana biki a gidansu, cewa take a gani a ƙasa.

Saboda haka mutumin da ciwon baya ya hana shi sunkuyawa ya ɗaura takalmi shi ne zai bi asibitoci yana tattara takardu, ya kuma cike fom mai tambayar nisan da yake iya takawa kafin ya huta, da ko shi ke yi wa kansa wanka, har da wanda ke ba kyanwarsa abinci. Yawancin masu nema akan mayar da su a karon farko, a ba su kwana 60 su ɗaukaka ƙara, har magana ta kai gaban alƙali, inda shiga da kuzari kan zama shaida a kan mai ƙarar.

Wanda ya yi nasara ma galibi ba a biyan sa wata 5 na farko, Medicare kuma, wato inshorar jinya ta gwamnati, sai bayan ƙarin wata 24, ga alama don a ba ciwon damar sake shawara.