Isnadin Wani Zane

Mutanen Ingila suna da wata al'ada wadda baƙo ba zai rasa lura da ita ba, muddin yana da ido kuma yana da zarafin yawo: idan mutum ya gaji da wani abu nasa, ko kuwa wani nasa ya rasu ya bar tarkacen da magada suka rasa yadda za su yi da shi, ba ya zubarwa a juji domin yana ganin almubazzaranci ne, ba ya kuma kai wa dillali domin yana ganin zubar da girma ne, sai ya ƙulla a leda ya kai wani kanti na ƙungiyar agaji, a sayar, kuɗin ya tafi ga mabukata. Mafi shahara cikin ƙungiyoyin nan ita ce Oxfam, wadda aka kafa a birnin Oxford a 1942 don agaza wa mutanen Girka da yunwar yaƙi ta galabaitar, ta kuma buɗe kantinta a titin Broad Street bayan yaƙi ya ƙare. Yau kuwa da wuya ka bi babban titin wani gari, kome ƙanƙantarsa, ba ka ga irin kantunan gwanjon nan a jere ba, wannan na masu ciwon zuciya, wancan na masu ciwon daji, na can gaba kuma na karnuka da kyanwoyin da suka rasa mai su.

A kowane ɗayansu, bayan ka wuce riguna da littattafai da kofunan shayi waɗanda 'yan'uwansu suka farfashe, za ka tarar da wani lungu inda aka jingine zane-zane a ƙasa, galibi fuskarsu na kallon bango, wanda a ganina rahama ce ga masu wucewa. Akasarinsu aikin 'yan koyo ne, tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya suka shiga ajin yamma, suka yi ta zana kwanon tuffa da gadar ƙauyensu har ajali ya riske su, 'ya'yansu kuma suka kasa ƙonawa saboda kara, suka kasa ratayewa saboda suna da idanu.

Abin da ya kai ni lungun nan zaman banza ne. Na je ziyarar 'yata ta fari, wadda ke aikin jinya a wani gari na arewacin ƙasar, ita da mijinta, wani natsattsen yaro akawu, wanda tun da aka ɗaura aure bai taɓa haɗa ido da ni ba. Su fita aiki, jikata ta tafi makaranta, a bar ni da talabijin da ruwan sama. A cikin wannan hali na ci karo da labarin wani mutum a jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda a 1989 ya sayi wani lalataccen zane dala 4 don firam ɗinsa kawai ya ba shi sha'awa, da ya ɓamɓare bayan sai ga ɗaya daga takardun shelar 'yancin Amurka na bugun farko, na 1776, a naɗe a ciki. A 1991 aka yi gwanjonta dala miliyan 2 da dubu 420. Daga ranar na daina ganin lungun nan a matsayin juji.

Amma ni tsohon malamin makaranta ne, ba na shiga al'amari da ka. Na zauna na yi bincike, na kuwa gane cewa ma'abota wannan fanni ba su zo da wani sabon abu ba, ilmin hadisi suka ɗauka suka sauya masa riga: suna duba matani, watau zanen kansa, suna kuma duba isnadi, watau daga hannun wa ya fito, ya shiga hannun wa, har ya iso gare ka. Isnadin ma ya fi ƙarfi a wurinsu. Hujja ita ce ƙissar Teri Horton, wata tsohuwar direbar babbar mota a Kalifoniya, wadda ta sayi wani ƙaton zane dala 5 a kantin gwanjo, daga baya aka ce mata ya yi kama da aikin Jackson Pollock, mutumin nan da ke shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga masa fenti. Har wani mai bincike ya ce ya ga shaidar yatsan Pollock a bayansa, amma manyan masana suka ƙi, domin babu wanda ya san inda zanen ya kwana kafin ya zo kanti. An taya mata shi miliyoyi ta ce albarka, har ta rasu a 2019 bai sayu ba.

Sai na tsara wa kaina ƙa'idoji a ɗan littafi. Da farko a juya zane a duba bayansa: tsohon ƙyalle yakan yi duhu, kuma da ƙananan ƙusoshi ake kafe shi a katako, wanda aka ɗinke da wayar sitefula kuwa ɗan bayan nan ne. Sa'an nan a sa gilashin ƙara girma, in an ga launi ya tarwatse ya zama ɗige-ɗige a jere, to bugun inji ne, maudu'i ne, a ajiye. Wannan ƙa'ida na koye ta ne bayan na sayi hoton wata amalanke a cikin rafi, ina murna, kafin in lura cewa akwai irinsa sak a ɗakin jiran likitan haƙori, da kuma kan gwangwanin biskit ɗin gidanmu. Aikin John Constable ne na 1821, na ainihin yana rataye a National Gallery ta Landan, ba ya kuma shirin zuwa gwanjo. Bayan haka a duba inuwa, domin ɗan koyo yakan jefa inuwar bishiya gabas, ta gida yamma, sai ka ce rana biyu ce a garin. A ƙarshe a duba hannu, in akwai mutum a zanen, gama a yatsu asirin ɗan koyo ke tonuwa, shi ya sa mutanen da yake zanawa kullum hannu na aljihu ko a bayan fure. Wannan ta ƙarshe ban yi aiki da ita sosai ba, saboda na san maganar malamai a kan surar abu mai rai, na kuwa zaɓi fita daga saɓani, na taƙaita farautata ga duwatsu da itatuwa da jiragen ruwa.

Sai dai akwai wata mas'ala da ta dagula mini lissafi, ita ce ta Alfred Wallis, wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa na garin St Ives, wanda bai fara zane ba sai da ya kai kimanin shekara 70, bayan rasuwar matarsa. A kan yagaggen kwali yake yi, da fentin jirgi, gidajensa a karkace, jirginsa wani lokaci ya fi tashar girma. A 1928 wasu masu zane biyu, Ben Nicholson da Christopher Wood, suka hango aikinsa ta ƙofar ɗakinsa. Ya rasu a gidan gajiyayyu a 1942, yau kuwa kwalayensa suna gidan nune-nunen zane na Tate. Ashe ke nan duk aibin da na rubuta a littafina yana iya zama falala, in ya faɗo a hannun wanda aka yarda da shi. Wanda ya riƙe wannan fahimta, babu mummunan zanen da zai gagare shi yabo, ni kuwa na riƙe ta da hannu biyu.

Ran nan, a wani ɗan kanti na gidan jinyar masu ciwon ajali, can ƙarshen titinmu, na juyo wani zane daga bango, gabana ya faɗi. Wani gida ne na dutse a bakin kogi, tsaunuka a bayansa, cikin firam mai ruwan zinariya da ya fara ɓarewa. Abin mamakinsa, launukan ba su cakuɗa da juna ba ko kaɗan, kowanne ya tsaya a iyakarsa kamar gonakin gado bayan alƙali ya gama rabo. Na sa gilashi, babu ɗigon inji, ga kuma sawun buroshi. Na juya baya, ƙyalle fari fat, an ɗinke shi da sitefula. A ƙa'idata wannan ya isa a yi watsi da shi, amma na tuna cewa masu gyaran tsofaffin zane sukan manna sabon ƙyalle a bayan wanda ya tsufa, saboda haka na yi tawili na wuce. Da na sake duba sararin samaniyar, inda fenti ya yi shara-shara, sai ga wasu 'yan ƙananan alƙaluma suna leƙowa daga ƙarƙashi: 7 a nan, 12 a can, 3 a gefen girgije. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Kuɗinsa fam 6. Don kada dattijuwar da ke tsaron kanti ta ga zumuɗina, na taya fam 3. Ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa, ta ce cikin ladabin da ya fi mari zafi, kuɗin na marasa lafiya ne waɗanda ba a sa ran tashinsu. Na ba da fam 10 na ce a bar canji. A hanya ina ta muhawara da zuciyata ko hukuncin abin da na rungumo hukuncin rikazi ne, watau dukiyar da aka tono a binne, wadda ake fitar da humusinta, na kuwa yi alwashin in an yi ciniki zan mayar wa kantin ɗaya bisa biyar, ban da zakka.

Da na isa gida na kwafe alƙaluman duka. Mawaƙanmu na ajami sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin ramzi, ban ga dalilin da zai hana Bature mai hikima yin haka ba. Na tara, na ninka, na zubar da waɗanda suka ƙi shiga lissafi, sai ga 1874, shekarar da mai zane Monet da abokansa suka yi nuninsu na farko a Faris. Na nemo guduma na kafa ƙusa a tsakiyar bangon falo da hannuna.

Bayan sallar isha na tara mutanen gida. Surukina ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗaga kai ya ga bango, ya sunkuyar da sauri. Na ɗauka kwarjinin zanen ne. 'Yata ta tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu ba ta ce uffan ba. Na yi musu sharhi mai tsawo. Na ce wanda ya yi wannan aiki mutum ne da duniya ta juya wa baya, ga alamar kaɗaici a ƙofar nan da ya rufe, ga rawar hannun yunwa a bakin kogi inda shuɗi ya hau kan kore, kuma ba na shakka a matsiyaci ya mutu, ba tare da iyalinsa sun san darajarsa ba.

Na ce, "Ko ba haka ba?"

Surukina ya ce wa kafet, "Haka ne, Baba. Allah ya ƙara basira."

Na ce, "Dubi nan, ya gaji ya bar kusurwa ba fenti. Ina jin a nan ciwo ya ci ƙarfinsa."

Ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi, Baba."

Ana cikin haka jikata, 'yar shekara bakwai, wadda nake kira amarya, ta sauko neman ruwa. Ta dubi bango ta tafa hannu. "La! Tsohon angona, a ina ka tsinto zanen Abba? Ai Umma ta kai shi kanti, ta ce in Abba ya tambaya mu ce ya ɓata wajen ƙaura!" Kafin wani ya kama ta ta haye sama, ta dawo da wani kwali cike da 'yan ƙananan robobin fenti da suka bushe, kowace da lamba a murfinta. "Ka ga, 7 shuɗi ne mai haske. Duk inda ka ga 7 sai ka shafa 7. Ni ma na taya shi, ni na yi kogin."

Daga baya na bincika asalin abin. Wani mai zane ne, Dan Robbins, da maigidansa Max Klein na kamfanin fentin Palmer a Detroit, suka fito da shi a farkon shekarun 1950: a buga maka hoto an yanka shi gida-gida, kowane gida da lambarsa, kai dai cikewa ce taka. An sayar da miliyoyi, har gidan tarihi na Smithsonian ya yi masa nuni a 2001, kasuwarsa kuma ta sake tashi a kullen annobar 2020, lokacin da aka tsare akawu irin surukina a ɗaki babu abin yi sai lambobi. Firam ɗin ma a gwanjo ya saye shi. Kusurwar da babu fenti kuwa, lamba 12 ce ta ƙare.

Falo ya yi tsit. Surukina bai san an ba da zanensa ba sai a daren, 'yata ba ta san zai dawo ba, kuma babu mai iya tuhumar wani a gabana. Ni kuwa na duba al'amarin ta fuskar ilmi, na ga babu abin da ya rushe daga ƙa'idata. Abin da Teri Horton ta mutu tana nema, ga shi a hannuna: daga mai zane zuwa matarsa, daga matarsa zuwa dattijuwar kanti, daga dattijuwa zuwa gare ni, isnadi sadajje, babu yankewa, maruwaitansa duka adilai ne in ka cire maganar ƙaura. Na yanke hukunci cewa zanen ingantacce ne, na sa aka kawo alƙalami surukina ya sa hannu a ƙasa yana gumi, na kuma ce kada wanda ya sauke abin da na rataya. Humusin fam 10 kuwa na lissafa, fam 2 ne, na aika amarya da uwarta suka kai.

Tun da na dawo gida, duk lokacin da muka yi waya mai hoto nakan ce a juya mini ita wajen bango in gaisa da zanena, kullum kuwa yana nan. Amarya ce ta tsegunta mini cewa mazauninsa bayan kujera ne, sai an ga kirana ake rugawa a rataya. Juma'ar da ta wuce, saboda gaggawa, a kife suka rataya shi, kogi a sama, tsaunuka suna reto. Na ce wa surukina kada ya ji kome, gidan nune-nunen zanen zamani na New York ma ya rataya wani aikin Matisse a kife har kwana 47 a 1961, kafin wata mai kallo ta ankarar da su. Ya ce, "Haka ne, Baba." Na ce ya bar shi a hakan, ya ma fi kyau, ya kuma nemi lamba 12 ya ƙarasa mini kusurwar nan kafin babbar salla.