Masu Ƙirga Kashin Giwa

In rani ya kama, ciyawa ta bushe, dabbobi suka koma bakin kogin Gaji, sai motocin jami'o'i su fara sauke ɗaliban sashen gandun daji a Yankari. Tun 1956 aka keɓe dajin, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, amma kwana biyu sun ishe shi ya tone halin kowa.

Rabin motar dangin Na-Ƙaddara ne. Likitanci ya cike, aka ba shi namun daji. Har gobe mahaifiyarsa tana gaya wa maƙwabta likitan dabbobi yake karanta, shi kuwa bai taɓa gyara mata ba. Ko garken ɓauna ya gitta gabansa, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?"

Ɗan Talabijin ya fi shi ban tausayi. Da kallon zakunan Serengeti ya girma, don haka ya zo da malafa da wando mai aljihu takwas. Ba wanda ya gaya masa zakunan Yankari 'yan kaɗan ne, ma'aikaci ma kan daɗe bai sa su a ido ba. Malam ya miƙa masa igiyar awo da littafi: a bi layi miƙaƙƙe, a ƙirga tulin kashin giwa, a auna nisan kowanne daga layin, a rubuta ɗanye ne ko busasshe. Da yawan kashin, da sau nawa giwa ke yi a rana, da daɗewarsa kafin ya ruɓe ake ƙiyasta yawan giwaye. Ga shi kuma shuɗiyar riga ya sa don hoto ya yi kyau, alhali ba launin da tsando ke bi kamar shuɗi da baƙi. Kafin azahar ya daina zancen Serengeti, ya koma susa.

Ni dai Ɗan Maharbi ne nawa. A aji, in aka zo lissafi, kansa a ƙasa yake. A daji kuwa malam ma bayansa yake bi. Kallo ɗaya zai yi wa ƙasa ya ce, "Gwanki ne, namiji, da asuba ya wuce, yana ɗingishi." Ya san wace bishiya giwa ta ɓare jiya, wace ce ta yi mako. Matsalarsa guda ce: idon gado. Kowa na rubuta "mazo, mace, ɗaya", shi yana haɗiyar yawu. An taɓa jin ya ce wa gadu "Allah ya cece ka", ba a kuma tabbatar daga wa yake nufi ba. Duk da haka, irinsa ne kan gano tarkon waya da mafarauta suka ɗana, wanda na'urar GPS ba ta san da shi ba.

'Yar Tsuntsaye tun kafin kiran assalatu ta rataya madubin hangen nesa. Burinta cibiyar APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, inda ake kama tsuntsu da raga, a auna shi, a sa masa zobe a ƙafa, a sake shi. Giwa na tsaye gabanta, ita tana ce mana mu yi shiru, akwai wani abu mai girman babban yatsa a kan reshe.

Sai Sarkin Inuwa, wanda ke cika takardarsa a gindin tsamiya. Gane shi ba wuya: duk awonsa da sifili ko biyar yake ƙarewa. Ranar da aka ɗora lambobinsa a taswira, dorinarsa ta fito a kan tsauni.

Akwai kuma wanda don ruwan Wikki kawai ya biyo motar, ya ji an ce ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana. Ya ajiye burodi da sardin a bakin ruwa ya faɗa. Gwaggon biri ya sauko a tsanake, ya ɗauki ledar, ya zauna nesa kaɗan yana ci yana kallonsa. Da yamma malam ya tambayi wanda ya lura da halayyar wata dabba sosai a yau. Shi kaɗai ya ɗaga hannu, ya kuma ba da bayani filla-filla, har da hannun da birin ya fara kai wa ledar.