Gyaran Murya a Bayan Ƙyaure

Kafinta ya ce ba shi da lokaci sai wata ya kama, surukina kuma zai sauka gidana ranar Asabar, ga bayin falo labule ne kawai ke rufa wa mai shiga asiri. Na ɗauki tef na auna, na wuce 'Yan Katako a Na'ibawa, na sayo ƙyauren bayi mai faɗin santimita 75 da tsayin 210, wanda magina ke kira ƙafa biyu da rabi. Da na kawo shi gida ya ƙi shiga firam, domin mai tayil ya ɗaga daɓe da kusan inci biyu bai ga dalilin gaya wa kowa ba. Na sa zarto na rage gindin. Zarton ya zarce, katakon ƙasa ya fita gaba ɗaya, kwalin da ke cikin ƙyauren ya leƙo, don irin wannan ƙyaure gefunansa ne kawai katako. Masu sana'a suna barin kamar santimita ɗaya tsakanin ƙyaure da daɓe. Nawa kuwa kyanwa za ta wuce ba ta sunkuya ba.

Na ɗaura shi da hinji uku, na saka makulli, saura hannu. Na ce bari in shiga in gwada daga ciki. Na tura, ya cije a sama, na sa masa kafaɗa. Ƙaras! Harshen makulli ya faɗa raminsa. Na kai hannu zan murɗa, ba abin murɗawa, sai ɗan rami mai kusurwa huɗu. Hannun ƙofar da sandar ƙarfen da ke shiga ramin suna kan tebur a falo, kusa da wayata.

A daidai nan na ji sallama. Surukina da ya ce Asabar, ya ga dama ya zo Juma'a.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin allo ya san ba a amsa sallama a bayi, gyaran murya ake yi. Na yi gyaran murya. Dattijo ya ce wa 'yarsa, "A'a, ƙyale shi, kada ki katse masa uzuri." Ya samu kujerar da ke fuskantar ƙofar ya zauna.

To ga inda abin ya lalace. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin muryar mutumin nan ina tsaye ba. Kafin in yi tunani, gwiwoyina sun kai ƙasa da kansu, na durƙusa kamar yadda ɗa na gari ke yi wa suruki. Na manta da gibin da zarto ya bari. Abin da dattijo ya gani daga kujerarsa shi ne ƙafafun surukinsa a tsugune, sun fuskanto shi, ga bakin buta a gefe. Na ji ya ce "Subhanallah" a hankali, na ji ƙarar kujera yana juya ta zuwa bango. Har yanzu in na rufe ido ƙarar kujerar nan nake ji. In miƙe, ya ga ƙafafu sun miƙe amma ba wanda ya fito. In zauna a haka, na tabbatar masa da abin da yake zato. In ɗaga murya in ce a ciro ni, daga bayi, a gaban suruki? Na sake gyaran murya. Ya ce, "Ba sauri, Malam, ba sauri."

Da shirun ya yi yawa, uwargida ta matso ta ce, "Baban yara, lafiya?" Na raɗa mata cewa ƙofa ce. Ta toshe baki da mayafi, ta aika a kira maƙwabcinmu, wani Alhaji tsohon direban babbar mota.

Alhaji ya shigo, ya gaisa da baƙo a tsanake har da tambayar damina da mutanen gida, sannan ya ƙwanƙwasa. "Maƙwabci, in ciki ne, jiƙon sabara za ka sha." Aka yi masa bayani. Ya ce, "Af! To ai watan Agusta muke. Katako yana shan danshi ya kumbura. Ka kwantar da hankalinka, da hunturu ya shigo zai tsuke da kansa, da ɗan yatsa ma za ka buɗe shi."

Na ce, "Alhaji, hunturu sai Disamba."

"Wani lokacin yana farawa tun Nuwamba."

Ya ci gaba. Shin na auna faɗin firam a sama da tsakiya da ƙasa? Don firam ɗin magini ba ya miƙewa. Shin na bar milimita uku a gefe da sama? Ya juya wajen surukina ya ce a zamaninsu asabari ake ratayawa, bai taɓa jin asabari ya tsare mutum ba. Surukina ya ce wannan gaskiya ne, yana kallon bango.

Na sa ido a ramin nan mai kusurwa huɗu. Hannun ƙofar yana hannun Alhaji, da shi yake nuni, yana kuma sosa ƙeya da shi.

"Alhaji, don Allah abin da ke hannunka."

Ya jujjuya shi. "Wannan? Ɗan China ne. Da ka tambaye ni, da na Turkiyya ka saya."

Autarmu ce ta zo da cokalin shayi, ta cusa bindinsa a ramin ta murɗa. Harshe ya koma, amma saman ƙyauren na nan a cije. Ban gama cewa a dakata in matsa ba, Alhaji ya yi bisimilla ya kawo kafaɗa. Ƙofar ciki take buɗewa. Na zauna daram a cikin bokiti, ruwa ya tashi har rufi.

Surukina ya juyo da kujerarsa ya ce, "Sannu Malam. Mun same ku lafiya?"

Alhaji ya ce, "Yanzu kuma ya jiƙe. Kada kowa ya rufe shi sai Janairu."